Arakataka: Garin da Hirar Kaka Ta Zama Littafin Duniya

A ƙasar Kolombiya, idan aka ba ka takardar kuɗi ta feso 50,000, hoton da za ka gani a kanta na wani dattijo ne mai gashin baki, sanye da fararen kaya, malam-buɗe-littafi na tashi daga tafin hannunsa. Bai taɓa mulki ba, bai taɓa jan runduna ba. Sana'arsa ba da labari. Sunansa Gabriyel Garsiya Markes, amma mutanen ƙasar Gabo kawai suke ce masa, kamar wani ɗan unguwarsu. Tun shekarar 2016 mai sayar da kifi da direban tasi ke miƙa wa juna hotonsa a kasuwa. Ƙasar da ta girmama marubucin ƙagaggun labarai har haka ta isa a je a gan ta, don haka da dama ta samu, sai na bar Bogota da sanyinta na gangara arewa, zuwa gaɓar tekun Karebiyan inda aka haife shi.

Littafin da ya ɗaukaka shi, wanda sunansa ke nufin "Shekara Ɗari na Kaɗaici", an fara buga shi ne da Sifaniyanci a birnin Buwenos Aires na Ajantina a 1967. Kwafi 8,000 aka buga da farko, kafin a ce kwabo sun ƙare. Yau an fassara shi zuwa harsuna fiye da 40, kuma a 1982 aka ba marubucin lambar Nobel ta adabi. Labarin zuriyar Buwendiya ne a wani ƙagaggen gari mai suna Makondo, tun daga kafa shi har zuwa shafewarsa. A cikinsa akwai yaƙin basasa da zaɓe da kamfani da jirgin ƙasa, duk irin na zahiri. A cikinsa kuma akwai mamacin da ke yawo a tsakar gida yana neman ruwan wanke rauninsa, da budurwar da ta tashi sama tana cikin ninke zannuwan gado, da annobar rashin barci da ta sa mutane suka manta sunayen kayan ɗakinsu. Abin da ya bambanta shi da littafin aljannu na yau da kullum shi ne muryar mai ba da labarin ba ta canzawa. Yadda zai faɗi an dafa kofi, haka zai faɗi an yi ruwan furanni daga sama. Masana adabi na kiran wannan salo zahiri mai gauraye da al'ajabi, kuma kafin shi akwai waɗanda suka share hanyar, irin su Migel Anhel Asturiyas na Gwatemala da Huwan Rulfo na Meziko. Ruwa dai ba ya tsami banza, abin da ya kai ni ke nan: in ga ƙasar da ta haifi irin wannan murya.

Na fara da Kartahena, tsohon birni mai ganuwar dutse da Sifaniyawa suka kafa a 1533. Nan ne ɗaya daga cikin manyan tashoshin da aka riƙa sauke bayi daga Afirka. Nan kuma Gabo ya fara aikin jarida a 1948, kuma nan aka ajiye tokarsa a 2016, a farfajiyar wani tsohon gini na Jami'ar Kartahena, bayan rasuwarsa a birnin Meziko ranar 17 ga Afrilu, 2014. Birni ne mai kyau ƙwarai, benaye masu barandar katako, furanni na zubowa daga kowace taga. Sai dai abin da ya fi jan hankalina su ne matan nan baƙaƙe masu riguna ja da rawaya da shuɗi, ɗauke da kwanonin abarba da gwanda da mangwaro a ka, suna tafiya ba ko dafawa. Da na tambaya, aka ce mutanen Falenke ne.

San Basiliyo na Falenke ƙauye ne mai nisan kimanin kilomita 50 daga birnin. Bayin da suka gudu ne suka kafa irin waɗannan matsugunai masu shinge, ƙarƙashin wani jarumi ɗan Afirka ta Yamma mai suna Benkos Biyoho, wanda Sifaniyawa suka rataye a 1621. Gunkinsa na nan a dandalin ƙauyen, ya miƙa hannu da tsinkakkiyar sarƙa. Har yau mutanen na da harshensu, gamin Sifaniyanci da harsunan ƙasar Kongo, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sa al'adunsu cikin gadon 'yan Adam da ya wajaba a kiyaye. Idan aka yi mutuwa, kwana tara ake yi ana kiɗan ganga da waƙoƙin da suke kira lumbalu, don a raka mamaci ya tafi lafiya. Suna da labarin Katalina Luwango, yarinyar da Mohan, aljanin ruwa, ya sace ta a bakin rafi, ba a sake ganinta ba sai a zaman makokin gidansu, ta fito tana rera waƙar matattu. Wanda ya ba ni labarin, wani makaɗi mai furfura, sai ya nuna mini da haɓa wajen da abin ya faru, kamar mai kwatanta hanyar kasuwa. Daga wannan gado ne wani babban marubucin yankin, likita Manuwel Sapata Olibeya, ya rubuta littafinsa na 1983 wanda ya sa wa sunan Shango, inda kakannin da suka mutu da iskokin Yarabawa ke ba da tarihin baƙar fata a nahiyar Amurka da bakinsu.

Daga nan muka nufi Barankiya, inda kogin Magdalena ke shiga teku. Abokin tafiyata, wani malamin makaranta ɗan yankin wanda ke yi mini tafinta, bai bari mun haye gadar kogin ba sai da ya ba ni labarin Mutum-Kada. Wai a garin Falato da ke bakin kogin an yi wani masunci mai son leƙen mata suna wanka. Ya tafi wurin wani boka a ƙasar Gwahira, aka ba shi kwalabe biyu, ɗaya ta mayar da shi kada, ɗaya ta dawo da shi mutum. Wata rana abokin da ke riƙe masa kwalba ta biyu ya gan shi a siffar kada, ya firgita, kwalbar ta suɓuce, 'yan ɗigo kaɗan suka sami kansa. Shi ke nan, ya tabbata da kan mutum da jikin kada, kowa na gudunsa sai mahaifiyarsa da ke kai masa abinci a bakin ruwa. Mutanen Falato ba su ɓoye wannan labari don kunya ba. Gunki suka yi masa, suna kuma yi masa biki duk watan Disamba. A Barankiya kanta, ranar ƙarshe ta babban bikinsu na shekara, sai a ɗauko makarar wani mai suna Hoselito wanda shagali ya kashe, maza su sa baƙaƙen kayan zawarawa suna kururuwa a bayansa, kowa kuma ya san baɗi zai tashi. Marubucin da ya yi ƙuruciyar aikinsa a irin wannan gari, ba sai ya yi nisa wajen neman al'ajabi ba.

A Siyenaga dariya ta ƙare. Gari ne a bakin teku, a ƙofar yankin ayaba. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Amurka mai suna United Fruit shi ne wuƙa shi ne nama a wannan yanki: gonaki nasa, jirgin ƙasa a hannunsa, kantuna nasa. A watan Nuwamba na 1928 dubban leburori suka shiga yajin aiki. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: a ɗauke su aiki kai tsaye ba ta hannun 'yan kwangila ba, a biya su da kuɗi maimakon takardar karɓar kaya a kantin kamfani, a ba su hutun rana guda a mako, a biya diyya ga wanda ya ji rauni. A daren 5 ga Disamba, wayewar 6, sojoji ƙarƙashin Janar Karlos Kortes Bargas suka buɗe wuta a kan taron da ya kwana a filin tashar jirgi. Janar ɗin ya amsa mutuwar mutum 47. Jakadan Amurka kuwa ya aika wa gwamnatinsa rahoton cewa waɗanda aka kashe sun haura dubu. A filin yanzu akwai dogon gunkin lebura riƙe da adda, ƙarƙashinsa 'yan kasuwa na ta cinikinsu.

A nan na fahimci amfanin wannan salo. Gabo bai kai shekara biyu ba lokacin da abin ya faru, a bakin manya ya ji shi, kowa da irin adadinsa. Da ya zo rubutawa, sai ya sa matattun sun haura dubu uku, aka loda su a jirgin ƙasa mai tsawon gaske aka zubar a teku. Washegari wanda ya tsira ya dawo gari, duk gidan da ya shiga sai a ce masa ai ba wanda ya mutu, ba abin da ya faru. Daga nan aka yi ruwan sama na kusan shekara biyar wanda ya wanke kamfanin da alamunsa. Gari guda ya manta da kisan kiyashi a dare ɗaya abu ne da hankali ba zai ɗauka ba, amma duk wanda ya zauna ƙarƙashin hukumar da ke musanta abin da ido ya gani ya san me ake nufi. Abin da littattafan makaranta suka daɗe suna tsallakewa, ƙagaggen labari ne ya dasa shi a zukatan mutane, har ya zama yau da wuya ka sami ɗan Kolombiya mai karatu da bai san da kisan yankin ayaba ba.

Daga Siyenaga hanya ta miƙe kudu. A hagu ga tsaunin Siyera Nebada, wanda ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 5,700, ƙanƙara a kansa alhali zafi na gasa mutum a gindinsa. A dama gonakin ayaba, kowane nono an lulluɓe shi da shuɗiyar leda, can gaba kuma kwakwar manja ta karɓe fili. A wannan hanya, lokacin da ake bin ta a jirgi, Gabo ya riƙa ganin allon wata gona mai suna Makondo, sunan ya zauna masa. Mun shiga Arakataka, garin da aka haife shi, da azahar, gari ya yi tsit, shaguna a rufe, karnuka sun baje a inuwa. Ba abin da ke motsi sai jirgin gawayin kwal, wanda ya ratsa tsakiyar gari da taragai har sai da na gaji da ƙirga.

Gidan da aka haifi Gabo ranar 6 ga Maris, 1927, an sake gina shi bisa kwatancen da ya bari, aka buɗe shi gidan tarihi a 2010. Gida ne na katako fari da rufin kwano, ɗakuna a jere, doguwar baranda mai tukwanen furanni ta haɗa su. Na kakanninsa ne na wajen uwa, su suka riƙe shi har ya kai kimanin shekara takwas. Ɗakin farko ofishin kakan ne, Kanar Nikolas Markes, tsohon sojan Yaƙin Kwana Dubu da aka gwabza daga 1899 zuwa 1902. Kusa da shi ga maƙerarsa, ɗan tebur da ƙananan awartaki da guduma da ba ta wuce yatsa ba, inda yake ƙera 'yan kifayen zinariya masu lanƙwasa jiki. Kanar ɗin ya kashe wani mutum a rikicin mutunci a 1908, abin da ya sa ya baro garinsu da ke ƙasar Gwahira, nauyin ran kuma bai sauka daga kansa ba har ya mutu. Ya yi shekara da shekaru yana jiran kuɗin fansho da ba su taɓa zuwa ba. Shi ya riƙa buɗe wa jikan ƙamus idan ya yi tambaya, shi ya kai shi kantin kamfanin ayaba ya taɓa ƙanƙara karo na farko. Duk wanda ya karanta littattafan zai gane kowanne daga cikin waɗannan.

Sauran gidan kuwa na mata ne, kuma nan taskar take. Kakar, Tarankilina Igwaran, mace ce da ke zaune da rayayyu da matattu a gida ɗaya ba tare da ta ga wani abin mamaki a ciki ba. Idan magariba ta yi tana so yaron ya natsu, sai ta zaunar da shi a kujera ta gargaɗe shi cewa in ya motsa, 'yan uwan da suka mutu a ɗakunan nan za su fito. Akwai gwaggon da ta zauna ta ɗinka likkafaninta da hannunta, da ta gama ta kwanta ta cika. Akwai ƙanwarsa mai cin ƙasa. A ƙarshen tsakar gida, bayan wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi kamar igiyoyi, ga bukkar barorin gidan, 'yan ƙabilar Wayu, mutanen da mafarki ke da hukunci a rayuwarsu, in an yi shi sai an bi abin da ya ce. Na daɗe a tsaye a madafin gidan, ina kallon murhu da turmi da kwanonin da ake zuba alewa mai siffar dabbobi. A wannan ɗan wuri hirar Sifaniyawa da ta 'yan asalin ƙasa da ta Afirka suka riƙa haɗuwa kullum a kunnen yaro guda. Gabo da kansa ya sha faɗin cewa ya yi shekaru yana fama da littafin bai samu ba, sai a 1965 da ya gane cewa dole ya ba da shi yadda kakarsa ke ba da labari, fuska a daure, ba ƙyaftawa. Ya kulle kansa wata 18 a birnin Meziko, matarsa Marsedes tana jinginar da kayan gida don su ci.

Irin wannan kaka ba ta ƙare a garin ba. Da la'asar, da aka fara fito da kujeru masu lilo ƙofar gida, muka gaida wata tsohuwa da ke tsince shinkafa a faranti ƙarƙashin bishiyar fasa-dabur. Ta ce, "Zauna, ɗana, wannan rana ba ta san baƙo ba." Ta sa jikarta ta kawo mana baƙin kofi a 'yan ƙananan kofuna. Na ce, "Donya, kin karanta littafin ɗan garin nan naku?" Ta ce jikokinta dai sun karanta a makaranta, ita idonta ya yi rauni. Daga nan hira ta koma kan rufin ɗakinta, ta ce marigayi mijinta ne ya zo mata a mafarki yana faɗa, wai kwanon da ke saitin gado ya huje, a gyara kafin damina. Ta sa aka hau, aka tarar da hujin, aka liƙe. Ta ce, "Da ransa ma haka yake, ba ya ganin ɓaraka ya yi shiru." Ta faɗi haka ba ta ko ɗago kai daga farantin ba, ta fitar da wata tsakuwa ta jefar, ta tambaye ni ko a ƙasarmu ana cin rogo.

Da dare kiɗa ya tashi daga shagunan bakin dandali. Bayenato ake ce masa, kiɗan akodiyon da ƙaramar ganga da wani karan da ake gogawa da waya. Asalinsa na mawaƙa ne masu yawo gari gari a kan jaki, suna kai labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda aka sace wa saniya. Uban tafiyarsu a almara shi ne Faransisko, wanda aka ce ya gamu da Shaiɗan cikin dare suka yi gasar akodiyon, ya kayar da shi ta hanyar rera aƙidar coci daga ƙarshe zuwa farko. Gabo ya ɗauko shi sukutum ya sa a littafinsa, tsoho mai kusan shekara 200 yana kawo wa Makondo labarai cikin waƙa. Tun 1968 ake taron gasar wannan kiɗa duk shekara a Bayedufar, inda ake naɗa sarkin akodiyon.

Arakataka ba garin masu kuɗi ba ne, amma ya san abin da yake da shi. Kusa da tsohuwar tashar jirgi akwai gunkin budurwar nan da ta tashi sama. Akwai ma kabarin Malkiyades, ɗan yawon duniyar da ke cikin littafin, mutumin da ba a taɓa haifa ba amma baƙi ke zuwa ziyararsa. An adana ofishin tangarahu inda mahaifin Gabo ya yi aiki. A 2006 har ƙuri'a aka kaɗa don a ƙara Makondo a sunan garin, sai dai waɗanda suka fito ba su kai adadin da doka ta nema ba. A shekarar da ta biyo baya Gabo ya zo da kansa a jirgin ƙasa da aka yi wa zanen malam-buɗe-littafi rawaya, gari ya fito kwansa da kwarkwata.

Cikin littattafan farko da yaron ya karanta a wannan gari akwai Dare Dubu da Ɗaya, wanda mu ma muka tashi da shi. Marubutanmu na farko ma daga rijiyar almara suka sha. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, duk sun haɗa duniyar mutane da ta aljannu, Ganɗoki ma da yaƙin Turawa na gaske ya fara. Sai dai a irin waɗannan labarai, da na jarumtaka da suka biyo bayansu, yawanci sai jarumi ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa ƙasar al'ajabi. Abin da marubutan wancan gaɓar suka yi shi ne barin al'ajabin a inda mutane suka ajiye shi, a madafi da tsakar gida da bakin rafi, sannan suka ɗora masa nauyin tarihin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.

Mu kuwa ba kayan aiki muka rasa ba. Ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe da Tsumburbura a Dala, ga Jangare birnin iskoki, ga abin da kowace tsohuwa ke faɗa game da kuka da tsamiyar bayan gari. Ga kuma tarihin da ke jiran mai ba da shi: yunwa da fari, aikin tilas na zamanin Turawa, ƙauyukan da suka watse a idonmu. Rubuta abin da mutane suka yi imani da shi a cikin labari ba ya nufin marubuci ya yi imani da shi, shaida ce kawai ta yadda suka rayu. Don haka kirana ga matasan marubutanmu shi ne, duk mai sauran kaka a raye ya ajiye waya ya je ya zauna kusa da ita, ya saurari abin da take faɗa da kuma yadda take faɗinsa, ya rubuta tun kafin ƙasa ta rufe mata ido.